Kokowar yara a lakwal: kafin ka ja hannun da ya yi ciwo, dakata



Kowace shekara, da sanyi ya sauka, gidajen rediyo suka fara kawo kokowar takobi, filin makarantarmu sai ya koma fagen kokowa. Ana kaɗa ƙararrawar hutun ƙarfe 10, kafin malami ya ajiye alli, yara sun riga sun ja da'ira a bayan azuzuwa. Wannan ya ce shi ne Issaka Issaka na Dosso, mai takobi shida, wancan ya ce yau sai ya karɓe takobin, wani kuma yana gefe yana kaɗa gwangwani a madadin ganga. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da take gasar kokowa ta ƙasa tun 1975, lokacin da aka buɗe ta a Tawa, Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Yaron da ya tashi yana jin kirarin ƴan kokowa dole ya so ya gwada ƙarfinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wani laifi da ni kaina na yi, shekara 9 da suka wuce. Ina so in faɗe shi, don na san da yawa daga cikinmu, in abin ya same su gobe, haka za su yi.

Abin da ya faru

A wannan shekarar ajin CM2 nake riƙe da shi. Wata Talata da hantsi yara suka shigo a guje suna cewa, "Mushe, an kada wani, hannunsa ya goce!" Na fita na tarar da yaro ɗan shekara 13 a zaune a ƙasa, ya tallabe hannun dama da na hagu, gumi na zuba, kafaɗar ta kumbura. A ƙasa mai tauri suka yi kokowar, gefen tushen dalbejiya, ya faɗi ya dafa da hannu.

Ban tsaya tunani ba. Na taɓa ganin yadda ake mai da hannun babban mutum a garinmu, don haka na kwantar da shi, na sa ƙafa a hammatarsa, na ja. Ƙarar da yaron nan ya yi har yau tana kunnena. Hannu bai koma ko'ina ba. Muka aika aka kira mahaifinsa, ya ɗauke shi ya kai wa wani mai ɗori, aka sake ja, aka jera kara aka ɗaure tamau.

Kwana uku bayan haka mahaifiyarsa ta zo har bakin aji. Ta ce, "Malam, yaron nan ba ya barci, yatsunsa sun kumbura sun yi sanyi, in na taɓa ya ce ba ya ji." A ranar muka ɗauki mota zuwa asibiti. Abu na farko da likita ya yi shi ne yanke ɗaurin. Da aka ɗauki hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, sai ga shi kafaɗar ba ta goce ba ko kaɗan. Ƙashin damtse ne ya karye can sama, dab da gaɓa. Likita ya dube mu ya ce, "Wa ya ja hannun nan?" Na ce ni ne na fara. Ya ce, "Malam, karaya ka ja."

Allah ya taimaka aka ceci hannun. Amma yaron ya yi kusan wata uku bai riƙe alƙalami da kyau ba, a shekarar da yake neman shiga kolej. Yau magidanci ne, muna gaisawa a kasuwa, kuma in ya ɗaga hannayensa biyu sama, na dama ba ya kai na hagu. Bai taɓa yi mini gori ba. Ni ne ban manta ba.

Na yi shekaru a makarantar horon malamai, na koyi yadda ake shirya darasi da yadda ake cika rajista, amma na fito ban san abin da zan yi wa yaron da ya faɗi a gabana ba. Daga baya ne na zauna da ma'aikatan lafiya da malaman EPS, na yi tambaya, na yi karatu. Ga abin da na tara.

Me ya sa kafaɗa take saurin ciwo?

Gaɓar ƙugu kamar taɓarya ce a cikin turmi: kan ƙashin ya shige rami mai zurfi, da wuya ya fita. Ita kuwa kafaɗa kamar tulu ce a kan gammo. Kan ƙashin damtse babba ne mai zagaye, mazauninsa a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan faifai ne marar zurfi, wanda bai rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na kan ƙashin ba. Wannan ne ya sa hannu yake iya juyawa ta kowace fuska, mu yi noma, mu yi daka, mu yi jifa, mu sosa baya. Kuma shi ne ya sa a cikin manyan gaɓoɓin jiki babu wadda take yawan gocewa kamar kafaɗa.

Abin da ke riƙe tulun a kan gammo shi ne wani zobe na guringuntsi a bakin mazaunin, da jijiyoyin da suka naɗe gaɓar, da ƙananan tsokoki guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka rungume kan ƙashin. Manyan tsokokin ƙirji da na damtse, waɗanda samari ke son su kumbura, su ne masu ƙarfin ɗauka da ture abu. Amma waɗannan ƙananan huɗun su ne masu gadi. In sun yi rauni ko sun gaji, gaɓa ta zama ba ta da mai tsaro.

Fiye da tara cikin goma na gocewar kafaɗa, gaba ƙashin yake fita. Yana faruwa ne in hannu yana ɗage a gefe, an murɗa shi baya, kamar hannun mai shirin jifa, sannan wani ƙarfi ya ƙara tura shi. Ku tuna yadda ɗan kokowa ke kama hannun abokin karawarsa ya ɗaga ya juya, ko yadda mai tsaron gida ke faɗuwa hannu a miƙe, za ku gane.

To amma ga inda na yi kuskure. Ƙashin yaro ba irin na babba ba ne. Kusa da kan ƙashin damtse akwai wani layi na guringuntsi, inda ƙashin ke ƙara tsawo. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsawon ƙashin damtse daga nan yake fitowa, kuma wurin ba ya daskarewa ya zama ƙashi sai yaro ya kusa shekara 20 ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan layin ya fi jijiyoyin gaɓa rauni. Saboda haka faɗuwar da za ta gotar da kafaɗar babba, a jikin ɗan firamare karaya ta fi kawowa, ko a wannan wuri ko a ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Da ido ba a rarrabe karaya da gocewa a kafaɗar da ta kumbura. Ko likita hoto yake nema. Ni da alli a hannu ina na ga ikon rarrabewa?

Wani abu kuma: ta hammata manyan hanyoyin jini da jijiyoyin ji da motsi na hannu gaba ɗaya suke bi. Wanda ya sa ƙafa a hammata ya ja, a kansu yake takawa. In akwai karaya, bakin ƙashin da ya karye yana iya yanka su.

Ga samarin kolej da lise, waɗanda kafaɗarsu kan goce da gaske, akwai wata matsalar. Matashin da kafaɗarsa ta goce kafin ya cika shekara 20, fiye da rabinsu sai ta sake gocewa, don zoben guringuntsin nan yakan yage a karon farko. Shi ya sa muke ganin saurayi da ake cewa "hannunsa yana da fita". An mai da ƙashi, ciwo ya lafa, bayan mako guda ya koma fili, ba a ba gaɓar lokaci ba, ba a ƙarfafa tsokokin ba. Mai da ƙashi farkon magani ne kawai.

Hana kokowa ba magani ba ne

Bayan abin da ya faru, hukumar makarantarmu ta hana kokowa kwata-kwata. Na goyi bayan hakan, don tsoro ya kama ni. Cikin mako biyu muka gane abin da muka yi. Yara ba su daina ba, sun dai ƙaura. Suka koma bayan ban ɗaki, da kan hanyar gida, da filin da ake buga bulo, inda ƙasa ta fi tauri kuma babu babba ko ɗaya. Wanda ya ji ciwo kuma sai ya ɓoye, don kada a buge shi a lakwal a ƙara a gida. Ciwon da aka ɓoye kwana uku ya fi wanda aka gani nan take wuyar magani.

Ban da haka, jikin yaro yana bukatar motsi kamar yadda yake bukatar tuwo. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki kowace rana, kuma aƙalla sau uku a mako ya yi wasan da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Kokowa tana cikin irin wannan wasa, ba ta bukatar takalmi ko ƙwallo, kuma tamu ce. Ƙasar da ta haifi Issaka Dabore, wanda ya ciyo mana tagulla a damben Olimpik na Munich a 1972, da Abdul Razak Alfaga, wanda ya ciyo azurfa a Rio a 2016, ba ta kamata ta riƙa korar yaranta daga fili ba.

Ra'ayina shi ne a dawo da kokowa gaban idon malami, a sa mata doka. Ga dokokin da muke bi yanzu, kuma babu wadda ta ci mana kuɗin kirki.

Na farko, wuri. Amalanke biyu ko uku na rairayi sun isa. Iyaye masu amalanke suka kawo mana, yara suka tsince duwatsu da ƙaya da kwalabe. Ba a kokowa ko'ina sai nan.

Na biyu, sa'a da sa'a. Ɗan CM2 da ya maimaita aji sau biyu ba ya kamawa da ɗan CE1, ko da ƙaramin ne ya nema. A dubi girman jiki, ba aji kawai ba.

Na uku, ɗumama jiki. Minti goma kafin a fara: ɗan gudu, juya hannaye gaba da baya, ƙanana da manya, juya wuya da ƙugu a hankali, tura juna da tafin hannu. Tsoka mai sanyi kamar igiyar fata ce da ta bushe, musamman da safiyar hunturu.

Na huɗu, koyon faɗuwa. Ɗabi'ar mutum ce in zai faɗi ya miƙa hannu ya dafa ƙasa, kuma nan ne nauyin jiki duka ke taruwa a wuyan hannu da gwiwar hannu da kafaɗa. Muna koya wa yara su sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, su lanƙwasa hannu kusa da jiki, su mirgina ta gefe. Ana farawa daga tsugune, sannan daga tsaye. Yaron da ya iya faɗuwa ya tsira daga rabin ciwon fili, ko a ƙwallo ko a langa ko daga kan jaki.

Na biyar, ba a murɗa hannu baya, ba a ɗaga mutum a doka shi da ka. Wanda ya yi haka ya fita daga fili na mako guda.

Na shida, wanda ya ce ya ji ciwo ya tsaya, kuma ba mai yi masa dariya. Wannan ita ce dokar da ta fi wuya, don mu da kanmu muka koya wa ƴaƴanmu maza cewa kuka abin kunya ne.

Ga manyan yara akwai ƙarin abu mai sauƙi. A samu robar cikin tayar keke, a ɗaure ta a jikin taga. Yaro ya manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ya ja robar zuwa waje a hankali, sau 10 zuwa 15, ya sauya hannu. Sannan ya fuskanci tagar ya ja robar zuwa ciki da hannu biyu, yana haɗa allunan kafaɗarsa a baya. Wannan yana ƙarfafa masu gadin nan huɗu. Ba ƙirƙirata ba ce. A ƙasar Norwe an gwada irin wannan atisaye a kan ƴan wasan ƙwallon hannu 660, ana yinsa sau uku a mako cikin ɗumama jiki, aka fitar da sakamako a 2017: matsalar kafaɗa ta ragu da kashi 28 cikin 100. In manyan ƴan wasa masu likitoci a gefe suna samun amfani da roba, mu da asibiti ke da nisa mun fi su bukata.

In ciwo ya auku

Duk da haka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. In yaro ya faɗi ya riƙe kafaɗa, ga abin da ya kamata malami ko uba ko uwa su yi.

Kada a ja. Kada a murɗa. Kada a ce masa "ɗaga mu gani" da ƙarfi. A bar hannun yadda yaron ya riƙe shi, don jiki ya san inda ya fi masa sauƙi. A samu kallabi ko ɗankwali a rataye hannun a wuya, a sa wani ƙyallen a manne shi da ƙirji ba tare da matsewa ba. In akwai ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, kada a ɗora ta kai tsaye a fata. In babu, tsumma mai ruwan randa ya fi babu. A kwana biyu ko uku na farko ba a gasawa da ruwan zafi, ba a tausa, ba a shafa man zafi ana murzawa, don duk suna ƙara kumburi. Don rage zafi, parasetamol daidai shekarun yaro ya isa. Kada a ba yaro asfirin, kada a sayo masa ƙwaya daga tiren mai talla, balle tramol. In ana ganin abin zai kai ga aiki a asibiti, gara a dakata da ba shi abinci har likita ya gan shi.

A tafi asibiti a ranar, ba gobe ba, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: siffar kafaɗar ta sauya ko wani ƙashi ya turo fata, yaro ya kasa ɗaga hannun sam, yatsu sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko sun mutu, gefen damtse ta waje ba ya jin taɓi, akwai rauni a buɗe kusa da wurin, ko yaro yana numfashi da ƙyar bayan faɗuwar. In majon CSI ya ce a wuce gaba a ɗauki hoto, a wuce.

Akwai ciwon kafaɗa kuma da ba faɗuwa ta kawo shi ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, yaro yana zazzaɓi, tana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga, kuma wannan yana lalata gaɓa cikin kwanaki. Yaro mai amosanin jini, wato sikila, ciwon kafaɗarsa ko ƙugunsa yana iya zama jini ne ba ya isa kan ƙashi. Irin waɗannan ba aikin tausa ba ne, ba aikin ɗori ba ne.

Maganar masu ɗori

Na san wani zai ce, "Malam, kakanninmu da ɗori suka warke." Gaskiya ne, kuma ban zo in zagi sana'ar kowa ba. A ƙauyuka da dama mai ɗori ne kaɗai yake kusa, yana karɓar abin da ka samu, kuma mutane sun yarda da shi. Karaya da yawa ta yara, musamman ta ƙashin gindin wuya, tana haɗewa cikin mako 3 zuwa 6 in dai an hana hannu motsi, ko wa ya ɗaure. Shi ya sa kowa yake da labarin wanda ya warke.

Amma abu biyu ne mai ɗori ba shi da su, komai gwanintarsa. Ba ya ganin cikin nama. Kuma wurin da ya karye yakan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku bayan ɗauri, don haka ɗaurin da ya yi daidai ran Talata, ran Alhamis ya zama igiyar shaƙe jini. In jini ya yanke na wasu sa'o'i, tsoka takan mutu, hannu ya ƙanƙance ya shanye, wani lokaci ya ruɓe sai an yanke. Ku tambayi kowane likitan ƙashi a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai, zai ba ku labarin yaran da aka kawo masa a makare.

Abin da nake roƙo shi ne tsari: hoto tukuna. In uba ya dage sai ɗori bayan an ga hoto, to aƙalla a bar yatsu a waje, a riƙa duba su safe da yamma. Yaron da ciwonsa ke ƙaruwa bayan ɗauri maimakon raguwa, ko yatsunsa suka kumbura suka yi sanyi, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti. Ba a jira sai mai ɗori ya dawo daga kasuwa. Masu ɗori na kirki ma sun san haka, akwai waɗanda da kansu suke cewa a je a yi radiyo kafin su taɓa.

Ba kokowa kaɗai ke cin kafaɗa ba

In muka tsaya a kokowa mun manta da rabin ajin. Yarinya ƴar shekara 10 da ke ɗauko jarka mai lita 20 tana ɗauke da kilo 20, wataƙila fiye da rabin nauyin jikinta, kuma da hannu ɗaya take fizgo ta daga ƙasa. Ga jan guga, ga daka kafin ta zo aji. In ta ce kafaɗa na mata ciwo da dare, ba lalaci ba ne. A raba ruwan gida biyu, a taya ta ɗorawa da saukewa, a bar ta ta huta in ciwo ya taso.

A darasin EPS kuma, na sha ganin an miƙa wa yara ƙarfen jifa mai kilo 3 ko 4 ana gab da jarrabawa, ba tare da an nuna musu komai ba. Sai su jefa shi kamar dutsen korar tsuntsu, hannu a baya. Wannan ƙarfen tura shi ake yi daga gindin wuya, da ƙarfin ƙafa da ƙugu. Ba a fafe gora ranar tafiya: yaron da bai motsa ba duk shekara, kada a tara masa atisayen wata tara cikin mako biyu.

Samarinmu da ke ɗaga ƙarfe a fada, da siminti a gwangwani da tsofaffin kayan mota, su ma a gaya musu gaskiya. Nauyin da ba za ka iya ɗagawa sau goma da kyau ba ya fi ƙarfinka. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, kada a sauke ƙarfe ta bayan wuya, kada a kwanta ƙarƙashinsa ba mai tsaye a kai, kuma duk yadda aka yi wa ƙirji aiki a yi wa baya. Gajiyar tsoka da ke zuwa washegari ta wuce cikin kwana biyu ko uku daban take da suka a cikin gaɓa. Wanda ya sha ƙwaya don ya daina jin sukar ya ci gaba da ɗagawa, ya kashe mai gadin da ke yi masa kururuwa ne.

Sai mu malamai da iyaye. Mu daina fizgar ƙaramin yaro ta hannu ɗaya, mu daina lilo da shi ta hannaye. A yara ƴan ƙasa da shekara 5 wannan yana gotar da wani ƙashi a gwiwar hannu, sai ka ga yaro ya saki hannu ya ƙi motsa shi. Mu daina horon da ake sa yaro ya ɗaga hannaye da dutse har ya yi kuka, mu daina murɗe hannu ta baya. Motsa jiki bai kamata ya zama bulala ba, in ba haka ba yaro zai tashi yana ƙinsa.

Kuɗi, da abin da za mu iya

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce, yawancin iyaye ba don raina asibiti suke zuwa wurin mai ɗori ba. Kuɗin mota, kuɗin hoto, kuɗin magani, da yinin aiki da za a rasa, su ne suke yanke hukunci. Maganin kyauta da gwamnati ta kawo tun 2006 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 ne, ɗan lakwal kuwa ya riga ya wuce wannan shekarun. Saboda haka wa'azi kaɗai ba zai kai yaro asibiti ba.

A makarantarmu mun kai maganar gaban kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye. Aka yarda kowane gida ya ba da dala ashirin a shekara, a ajiye daban, ba a taɓawa sai don yaron da ya ji ciwo a makaranta. Ma'aji uwa ce daga cikin iyaye mata, ana karanta lissafi a gaban taro. Kuɗin ba ya biyan komai da komai, amma yana biyan mota da hoto, kuma wannan ne matakin da ake tuntuɓe a kansa. Mun kuma sayi ƙyalle uku masu kusurwa uku, da bandeji, da sabulu, muka rubuta lambar majo da ta mai mota a bangon ofishin darakta. Sau ɗaya a shekara muna gayyato ma'aikacin lafiya ya yi mana awa biyu, malamai da iyaye tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga hukumomin ilimi kuma ina da roƙo ɗaya. Malaman EPS da suka fito daga INJS ta Yamai sun san wannan aiki, amma a kolej da lise suke. A firamare, malamin aji shi ne malamin wasa, shi ne mai ba da agajin farko, ko ya iya ko bai iya ba. A sa agajin farko cikin horon kowane malami, da hannu ba a kan allo ba, a kuma sa shi cikin tarukan CAPED da muke yi. Yini biyu sun isa a koya wa mutum yadda ake rataye hannu da alamomin hatsari.

Ɗan'uwa malami, sanyi na tafe, ganga za ta tashi, yaranka za su ja da'ira ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Ka sa a kawo rairayi, ka tsaya a gefen fili, ka ajiye kallabi a aljihun tebur. In ranar ta zo yaro ya zauna a ƙasa riƙe da kafaɗa, zuciyarka za ta ce maka ka yi wani abu da sauri. Ka tuna da ni, ka rataye hannun, ka kira iyayensa, ku tafi a ɗauki hoto.

Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi.